Ciwon maƙogwaro: ina aikin magani, ina aikin jiki?

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ɗari ya fara sauka. Daga Sassumburum har Malawa iska ce mai ƙura dare da rana. A irin wannan lokaci yara sukan kwana ɗaki ɗaya a cunkushe, ƙofa a rufe, ga hayaƙin wuta. Almajirai ma haka suke kwana a zaure. Idan ɗaya ya yi tari ko atishawa, sauran duk sun shaƙa. Shi ya sa ciwon maƙogwaro yakan yi yawa cikin gidaje.

Yaro ya tashi da zazzaɓi, ya kasa haɗiye kunu. Uwa ta leƙa bakinsa ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. Uba ya ce a'a, a sayo kafso biyu wajen mai tebur. Kaka kuwa ta ce: "Ku ƙyale shi jiki ya saba. Yaran yanzu yawan magani ne ya kashe musu ƙarfin jiki."

Maganar kaka ba ta banza ba ce gaba ɗaya. Likitoci sun fi shekara 70 suna binciken wannan tambaya: idan aka ba mai ciwon maƙogwaro magani, me yake faruwa da garkuwar jikinsa? Abin da suka gano ya ba kaka gaskiya kaɗan. Amma wanda ya bi shawararta ya ƙyale yaro, yana iya jawo masa ciwon zuciya na har abada.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne

Ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Manyan jinsinsu biyu ne. Akwai birus, akwai bakteriya. Mura da mafi yawan ciwon maƙogwaro aikin birus ne. Alamarsa ita ce majina, tari, shaƙewar murya, wani lokaci da jan ido. Wannan yakan wuce da kansa cikin kamar sati guda. Maganin da ake kira antibiyotik, irin su penisilin da amoksisilin, ba ya taɓa birus ko kaɗan. Wanda ya saya domin mura ya yi asarar kuɗinsa.

Bakteriyar da ta fi kawo ciwon maƙogwaro sunanta streptokok. Cikin yara 10 masu ciwon maƙogwaro, 2 ko 3 ne ke ɗauke da ita. Ga manya kuwa kamar 1 cikin 10. Ta fi kama ƴan shekara 5 zuwa 15. Takan zo farat ɗaya: zazzaɓi mai zafi, haɗiya da zafi, kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi mai ciwo idan an taɓa. Tsoka biyun nan da ke gefen maƙogwaro su kumbura su yi ja, sau da yawa da ɗigo-ɗigon fari a kansu. Yawanci babu tari, babu majina. Wannan shi ne wanda ake kai wa likita.

Akwai kuma na uku, mashaƙo, wanda ya fi su duka saurin kisa. Za a zo kansa a gaba.

Yadda jiki yake yaƙi

A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu tsaron jiki, kamar dogaran sarki. Idan baƙuwar ƙwaya ta shiga maƙogwaro, su ne ke taruwa a wurin. Zazzaɓi, kumburi da kaluluwa duk alamar yaƙin ne. Farin da ake gani a maƙogwaro kuwa akwai gawarwakin dogaran a cikinsa.

Wasu daga cikin dogaran nan maƙera ne. Sukan dubi rigar abokin gaba, su ƙera makami daidai da ita, su zuba cikin jini. Ƙirar tana ɗaukar lokaci. Sai bayan kamar sati guda makaman suke fara yawa, su ci gaba da ƙaruwa har sati uku ko fiye. Bayan an gama yaƙi, jiki ba ya mantawa da wannan riga. Idan mai ita ya dawo, tun daga ƙofa za a tare shi. Makiyayan dā sun san wannan: saniyar da ta yi bushiya ta tashi, ba ta sake yi. Haka yaron da ya yi ƙyanda.

To, me ya sa yaro yake yin ciwon maƙogwaro bana, ya kuma yi baɗi? Wata masaniya ƴar Amurka mai suna Rebecca Lancefield ta yi shekaru tana wannan bincike. Ta nuna cewa streptokok ba riga ɗaya gare ta ba. Yanzu an ƙidaya irinta fiye da 200. Makamin da jiki ya ƙera domin mai baƙar riga ba ya kama mai farar riga sosai. Ke nan ko yaro ya sha wahala ya warke da kansa, iri ɗaya ya sani, saura na nan suna jira. Wannan shi ne wuri na farko da lissafin kaka ya karye.

Ranar da dogari ya sari ɗan gida

Ga babban haɗarin. Rigar streptokok tana kama da naman zuciya da na gaɓoɓin mutum. Kamar ɓarawo ne da ya shigo sanye da riga irin ta maigida. A jikin wasu yara, idan yaƙin ya daɗe, dogarai sukan ruɗe. Ɓarawo ya riga ya tafi, amma su suna nan suna sara, kuma ɗan gida suke sara.

Ga yadda abin yake zuwa. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro, bayan kwana 3 zuwa 5 ya ji sauƙi ko da ba a ba shi kome ba. Kowa ya manta. Bayan sati 2 ko 3 sai zazzaɓi ya dawo. Gwiwa ta kumbura, ya kasa takawa. Kwana biyu ciwon ya bar gwiwa ya koma idon sawu, daga nan gwiwar hannu, daga nan wuyan hannu. A ƙauye sai a ce sanyi ne ko amosani, a shafa man zafi. Wani yaron kuma, musamman ƴa mace, sai hannuwa da fuska su riƙa motsi ba da sonta ba, ƙwarya ta riƙa suɓuce mata. Wannan yana iya zuwa bayan watanni. Sai a ce iskoki ne, a tafi wajen masu bori ko masu rubutu. Ba wanda zai tuna da ciwon maƙogwaron da ya wuce.

Gaɓoɓi sukan warke sarai. Zuciya ce abin tsoro. Zuciya tana da ƙofofi 4, kowace da marfinta, suna buɗewa suna rufewa domin jini ya bi hanya ɗaya kada ya koma baya. Saran dogarai yana barin tabo a kan marfin. Duk lokacin da streptokok ta sake shiga, saran ya sake tashi, tabo ya ƙaru. A kwana a tashi marfi ya ƙanƙance ko ya daina rufuwa. Saurayi ɗan shekara 20 ya kasa riƙe hauya, ya yi taku kaɗan yana haki. Yarinya ta yi aure ta samu ciki, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagare ta idan ta kwanta. Mata da yawa ba a gane ciwon nan a jikinsu sai ga ciki, lokacin da aikin zuciya ya ƙaru. Idan marfi ya lalace sosai, sai aikin fiɗa mai tsada ƙwarai, wanda ba a yin sa a asibitin gunduma.

A duniya mutum fiye da miliyan 40 ke fama da wannan ciwon zuciya, yana kashe sama da 300,000 kowace shekara. A Turai da Amurka ya kusa ɓacewa. Ya rage a ƙasashen talakawa, inda ake kwana a cunkushe kuma likita ke da nisa. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya yi kira ga ƙasashe su tashi tsaye a kansa.

Abin da penisilin yake yi

Wani likita mai suna Alexander Fleming ya gano penisilin a birnin Landan a 1928, amma sai a shekarun 1940 aka fara samunsa da yawa. Aikinsa shi ne fasa bangon ƙwayar bakteriya ta mutu.

A 1949 aka yi wani gwaji a sansanin mayaƙan sama na Warren, a jihar Wayomin ta Amurka. Samari ne ƙurata, suna kwana da yawa a ɗaki ɗaya, ciwon maƙogwaro yana ta yawo a tsakaninsu. Likitoci ƙarƙashin Charles Rammelkamp suka raba masu ciwon kashi biyu. Mutum 798 aka yi musu allurar penisilin, mutum 804 ba a yi musu ba. Cikin waɗanda aka yi wa allura, 2 ne suka yi zazzaɓin gaɓoɓi. Cikin waɗanda ba a yi wa ba, 17. An buga sakamakon a 1950.

Likitocin ba su tsaya nan ba, sun auna jinin sojojin. Sai suka ga waɗanda aka yi wa allura, makaman da jikinsu ya ƙera ba su kai na sauran yawa ba. Dalili a fili yake. Magani ya kashe abokin gaba da wuri, maƙera ba su daɗe suna ganinsa ba, sai suka sassauta ƙira.

A nan kaka ta yi gaskiya: magani yana rage yawan makaman da jiki zai ƙera wa wannan ƙwaya. Amma a lura da kyau. Wannan ragin shi ne alherin. Ai makaman nan su ne ke juyowa kan zuciya. Idan aka kore ɓarawo da wuri, dogarai ba su kai ga ruɗewa ba. Kuma maganin bai kashe dogari ko ɗaya ba. Yaron da ya sha penisilin, jikinsa yana nan da ƙarfinsa na yaƙi da sauran cututtuka, kuma allurar rigakafin da aka taɓa yi masa ba ta lalace ba.

Gardamar likitoci

Daga baya wata tambaya ta taso. Tun da magani yana rage ƙira, shin yaron da aka ba shi magani tun ranar farko ba zai fi saurin sake kamuwa ba? A 1987 wasu likitocin yara a garin Rochester na Amurka suka gwada. Wasu yara aka ba su penisilin nan take, wasu aka jinkirta musu kwana 2. Waɗanda aka ba nan take sun fi sake yin ciwon cikin watannin da suka biyo. A 1991 likitoci a ƙasar Jodan suka samu irin wannan sakamako. Amma wani gwajin da aka yi a Amurka a 1990 bai ga bambanci ba. Saboda haka maganar ba ta tabbata ba, kuma ba a umurci likitoci su riƙa jinkirta magani ba.

Ko da ma ta tabbata, wannan gardama ta mutanen birni ce, waɗanda likita ke bayan gidansu. Mutumin Guci ko Dogo-Dogo, ko Bafulatanin da ke ruga, kafin ya gane ciwon, ya nemi kuɗi, ya samu babur ko amalanke, kwana biyun ai sun riga sun wuce. Ba ya bukatar wani ya koya masa jinkiri. Kuma magani da wuri yana da nasa amfani. Yana rage wahala da kamar kwana ɗaya. Yana hana ƙurji ya taru a bayan maƙogwaro har baki ya kasa buɗuwa. Bayan kwana ɗaya da fara shansa, yaro ya daina shafa wa ƴan'uwansa.

Abin da ya fi amfani ga mutumin karkara shi ne wani gwajin da aka buga a 1954, shi ma daga sansanin Warren. An ga cewa ko an fara penisilin kwana 9 bayan ciwon ya soma, yana hana zazzaɓin gaɓoɓi. Ke nan kada uba ya ce: "Ai kwana 5 ke nan, ya ma fara jin sauƙi, zuwa likita ba shi da amfani." Yana da amfani. Maƙogwaro ya huce, amma ƙwayar tana nan, maƙera kuma suna kan ƙira.

Noman fari da maimai

Idan likita ya rubuta penisilin ko amoksisilin na sha domin streptokok, kwana 10 ne cur. A nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Kwana 3 yaro ya fara cin tuwo, ya fita wasa. Uwa ta ƙulle sauran maganin a bakin zane, ta ce a ajiye wa ƙanensa. Idan aka koma, abin da malamin asibiti yake yawan ji shi ne: "Malam, ai ya warke." Shi kuwa amsarsa ita ce: "Inna, zafin ne ya tafi, ƙwayar ba ta tafi ba."

Kowane manomi ya san wanda ya yi noman fari ya ƙi maimai. Ranar da ya gama, gona tas. Bayan ruwa biyu ciyawa ta dawo. Maganin kwana 3 noman fari ne. Yana kashe mafi yawan ƙwayoyin, ya bar waɗanda suka ɓuya. Su kuwa sun isa su sa dogarai su ci gaba da tashin hankali. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ga wanda ya san gidansa ba za a iya bin kwana 10 ba, akwai wata hanya. Allura ce guda ɗaya mai suna benzatin penisilin, ana yin ta a ɗuwawu. Tana da zafi, babu ƙarya. Amma tana zama cikin tsoka tana sakin magani a hankali har makonni. Makiyayi mai shirin tashi da dabbobi ya dace ya tambayi likita ita. Sai dai duk wanda penisilin ta taɓa sa masa ƙaiƙayi, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, wajibi ne ya faɗa kafin a yi. Akwai wani maganin da za a ba shi.

Wannan allura ita ce kuma ake yi wa yaron da ya riga ya yi zazzaɓin gaɓoɓi, duk sati 3 ko 4, shekara da shekaru. Manufa ita ce kada streptokok ta sake samun wurin zama, balle dogarai su sake ruɗewa. A Gulu ta ƙasar Yuganda an gwada ta a kan yaran da awo ya nuna zuciyarsu ta fara taɓuwa. Sakamakon ya fito a 2021. Cikin kimanin yara 400 da aka yi wa allura shekara 2, ciwon ya ci gaba a jikin 3. Cikin 400 da ba a yi wa ba, ya ci gaba a jikin 33.

Kafson mai tebur fa? A kasuwannin kan iyaka, har zuwa ta Alhamis a Maigatari, ana sayar da magani kamar goro, biyu-biyu, uku-uku, cikin rana da ƙura. Mai sayarwa bai leƙa maƙogwaron yaro ba, bai san nauyinsa ba. Kafso mai ja da rawaya da aka fi sani tetrasiklin ne. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8, yana ɓata haƙora, kuma streptokok da yawa ba sa jin sa. Abin godiya, har yau streptokok ba ta koyi ƙin penisilin ba. Amma wasu ƙwayoyin da ke cikin hanji da hanci suna koyo, duk lokacin da aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba. Ranar da yaron ya yi ciwon huhu ko gudawa mai jini, sai a tarar maganin ya daina ci.

Mashaƙo ba ya jira

A watan Disamba na 2022 hukumomin lafiya na Najeriya suka samu labarin ɓarkewar mashaƙo a Kano. Cutar ta yi ɓarna sosai a can. A watan Yuli na 2023 ta bayyana a ƙasar Matamaye da Kance, maƙwabtan Magarya. A wannan shekara jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha ta Nijar yawan masu ita. Ma'aikatan lafiya na gwamnati sun yi aikin jinya da gangamin rigakafi, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take aiki a Magarya tun 2005. Iyaka ba ta tare cuta. Mutanen Magarya da Dungas kullum suna kan hanyar Babura, Maigatari da Kano, domin kasuwa, biki ko karatun allo.

Mashaƙo yakan fara a hankali, zazzaɓin ma ba mai zafi sosai ba. Bayan kwana 2 ko 3 sai wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙogwaro, ta manne. Idan aka kankare ta sai jini. Wuya ya kumbura kamar na bijimi. Numfashi ya riƙa ƙara. Fatar nan tana iya toshe hanyar iska yaro ya mutu. Ko da ana jinya, cikin mutum 100 yakan kashe 5 zuwa 10, ga ƙananan yara kuwa ya fi haka.

Bambancinsa da streptokok shi ne dafi. Ƙwayar mashaƙo tana zaune a maƙogwaro, amma tana zuba dafi cikin jini kamar maciji. Dafin yana zuwa zuciya bayan sati ɗaya ko biyu. Yana taɓa jijiyoyi, har yaro ya riƙa magana ta hanci, ruwan da ya sha ya fito masa ta hanci. Antibiyotik yana kashe ƙwayar, ya hana ta ƙara dafi, ya hana ta yaɗuwa. Amma ba ya karya dafin da ya riga ya shiga jini. Jiki kuwa ba ya gama ƙera nasa makamin kafin dafi ya yi aikinsa.

Saboda haka ake aron makami. Ana horar da jikin doki da dafin da aka raunana, har jininsa ya cika da makarinsa. Daga jinin ake tace maganin, a sa wa marar lafiya. Wani Bajamushe mai suna Emil Behring ne ya buɗe wannan hanya a shekarun 1890, ya samu kyautar Nobel a kanta a 1901. Makarin nan yana kama dafin da ke yawo cikin jini ne kawai. Wanda ya riga ya shige naman zuciya ya fi ƙarfinsa. Don haka maganar kwana 9 ba ta shafi mashaƙo ba. Ranar da aka ga fatar nan ko wuya ya kumbura, ranar ake tafiya, ko da dare ne. Ba a samun makarin a tebur ko a shagon magani, sai asibiti. A 2023 ma ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya.

Ban da makari, ana ba da antibiyotik. A 2024 OMS ta ba da shawara a fi amfani da azitromisin ko eritromisin ga mashaƙo. Likita ne zai zaɓa, shi ne kuma zai faɗi yawan kwanakin.

Askar wanzami

Wanzami mutum ne mai daraja a gari, kuma ba da mugunta yake cire beli ba, gado ne. Amma beli halitta ce, kowa da shi aka haife shi. Idan maƙogwaro ya yi ciwo yakan kumbura tare da sauran naman wurin, idan ciwo ya tafi ya koma yadda yake. Yanke shi ba ya fitar da ƙwayar cuta. Rauni ne ake buɗewa a wurin da ƙwayoyi suka yi dandazo. Ana samun zubar jini, ana samun sandarewar jiki daga aska marar tsabta. Idan kuwa mashaƙo ne, guntun fata ko jini na iya faɗawa hanyar iska. Shi kansa wanzamin yana shaƙar numfashin yaron, askar kuma gobe za ta shiga bakin wani. Wanzamin da ya leƙa ya ga fata mai ruwan toka ya ce "wannan ba nawa ba ne, ku tafi likita", ya ceci rai.

Bayan an warke

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Mashaƙo ba kamar ƙyanda ba ne. Wanda ya yi shi ya tashi, ba lalle ne jikinsa ya riƙe makami ba. Makarin doki kuwa aro ne, cikin ƴan makonni yake ƙarewa. Saboda haka yaron da ya warke daga mashaƙo ana yi masa allurar rigakafi, ko a cika masa wadda ta rage. Idan malamin asibiti ya ce a dawo da shi, ba neman kuɗi yake yi ba.

Rigakafin mashaƙo wani likitan dabbobi ne ɗan Faransa, Gaston Ramon, ya haɗa shi a 1923. Dafin ne ake kashe masa ƙarfi, a nuna wa jiki rigarsa, maƙera su yi ƙira cikin kwanciyar hankali ba tare da yaƙi ba. Abin da kaka take so ke nan, jiki ya saba, amma ba tare da an sa ran yaro a caca ba. A Nijar yana cikin allurar nan mai kare cuta 5 da ake kira Penta, wadda ake yi wa jariri a cinya sau 3: yana da sati 6, sati 10 da sati 14. Ɗaya ko biyu ba su isa ba. Ƙarfinta kuma yana raguwa da shekaru, shi ya sa OMS ta ba da shawarar a ƙara sau 3 kafin yaro ya wuce shekara 15. Idan masu gangami suka zo gari, ko yaro ya taɓa yi, a fito da shi. Streptokok ita har yanzu ba ta da allurar rigakafi, ana kan nema. Yawan rigunanta da kamarta da naman zuciya su ne suka wahalar da masana.

Gidan da aka samu mashaƙo, ba marar lafiya kaɗai ake dubawa ba. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar a hanci ko maƙogwaro, lafiyarsa ƙalau, yana rabawa. Duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da yaron, ko ya ci kwano ɗaya da shi, ana ba shi maganin kwanaki, a kuma duba katin rigakafinsa. Idan almajiri ne, malaminsa ya faɗi sunayen duk waɗanda suke kwana zaure ɗaya. Wanda katinsa ya ɓace ya faɗa wa likita gaskiya, za a sake yi masa allurar, ba ta cutarwa.